Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Edita, ina roƙo ka ba ni fili a wannan takarda tamu, ko da zan ɗan ci wurin masu waƙa, domin in amsa wa ɗan'uwan nan da ya yi rubutu a fitowar da ta wuce. Ga wanda bai gani ba, asalin maganar shi ne samarinmu sun kawo shawara ƙungiya ta riƙa ware ɗan wani abu daga asusu kowace shekara, ta sayi aikin masu sassaƙa da masu bugun zane na wannan zamani, a ajiye a zauren taro inda kowa zai gani. Sai ɗan'uwa ya ce wannan almubazzaranci ne, kwaikwayon Nasara ne, kuma shigo da gumaka ne cikin gidan Musulmi. Na ji dattawa da dama sun yaba masa. To, ni ban yaba ba, kuma ga dalilina.

Tambayata ta fari ita ce, tun zamanin Turawan mulki, wane ne ke ɗaukar sassaƙa a ka yana kai wa Bature har ƙofar gida? Mu ne. Tsofaffin Turawan da suka zauna ƙasar nan da Nijeriya, in sun tashi ba da labari, ba su rasa ambaton Bahaushe ɗan koli da ya kan zo da la'asar ya shimfiɗa kayansa a baranda, jakunkunan fata, da tasoshin tagulla, da 'yan mutum-mutumin itace. Da aka sami mulkin kai sana'ar ba ta mutu ba, sai ma ta yi rassa. Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Arts Centre a Ankara ya san harshen da a ke yanke ciniki da shi a bayan rumfuna. A Abijan ma haka, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Steiner ya zauna cikin 'yan kasuwar ya rubuta littafi guda a kansu, wanda ya fito a 1994. A farkon shekarun 1990 kuwa an yi fim a kan wani Bahaushen Nijar da ke sayo sassaƙa a Kwaddebuwa yana kai ta har Amurka. Mun kuma iya gyara baki: ba mu ce wa kayan gunki, itace mu ke ce masa, domin zuciya ta kwanta.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowa ya san yadda wasu ke zuwa Ahwiaa kusa da Kumasi, ko Aburi, su sayo sabuwar sassaƙa tana ƙamshin ɗanyen itace, su rataye ta bisa murhu ta sha hayaƙi, su goga mata man takalmi, su tofa mata goro, wani ma ya binne ta gara ta ɗan taɓa ta. Bayan wata uku ta zama ta kaka da kakanni, a rantse wa baƙo cewa daga ɗakin tsafin wani sarki aka fito da ita. Ban ce kowa ke yin haka ba, akwai masu gaskiya cikinsu da yawa. Amma an gina gidaje da kuɗin itace a zangunanmu, an yi aure da shi, an tafi Makka da shi, ban kuwa taɓa jin an rubuto wa Edita takardar ƙorafi ba. Sai ran da yaron gidan ya ce zai shiga makarantar koyon zane ta jami'ar Kumasi, ran nan a ke tunawa da haram, a ce yaro ya lalace. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ɓarnar da wannan ciniki ya yi ta fi ƙarfin ƙaryar da a ke yi wa mai saye. Mun taya Bature gaskata cewa sassaƙar baƙar fata ba ta da daraja sai in ta tsufa, kuma ba a san wanda ya yi ta ba. Masassaƙi yana nan da ransa a Ahwiaa, da 'ya'yansa a makaranta, amma dole a kashe sunansa kafin kayansa su yi kuɗi. Aikin zamani, wanda samarinmu ke magana a kai, akasin wannan ne. Yana da sunan mai shi, da shekarar da aka yi shi, da takardar shaida. Wanda ya saye shi ya san hannun da ya biya.

Kuma ba jiya aka fara ba a ƙasar nan. Dakta Oku Ampofo, likitan da ya yi karatu a Edinbara ya zauna Mampong ta Akuapem, ya yi shekaru yana duba marasa lafiya yana kuma sassaƙa da itace da siminti. Kofi Antubam shi ya tsara kujerar shugaban ƙasa ta zamanin Nkrumah. Vincent Kofi ya yi sassaƙa ya koyar da ita har ya rasu a 1974. Sa'an nan ga El Anatsui, wanda aka haifa a Anyako a 1944, ya yi karatu a Kumasi, ya koma jami'ar Nsukka ta Nijeriya koyarwa a 1975. Tun yana nan gida ya fara da tiren itacen da mata ke tallan kaya a kai, yana ƙona musu alamu da ƙarfe mai zafi. Daga baya ya koma ga murafun kwalabe, a daddaƙe su, a huda, a ɗinke da wayar jan ƙarfe, dubu bisa dubu, har su zama kamar wani babban bargon zinariya da ke rufe bangon bene. A 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a babban nunin birnin Benis na ƙasar Italiya, a 2023 kuma aka ba shi babban zauren Tate Modern na Landan ya cika shi. Akwai ayyukansa da suka wuce dala miliyan ɗaya a gwanjo. To, ina tambaya, a duk zangunan ƙasar nan, daga Nima zuwa Aboabo zuwa Salaga, gidan wane attajiri ne za a shiga a ga ko ɗan ƙarami daga ayyukan mutanen nan? Mu da mu ke taƙama babu kayan da ke ratsa kasuwa ba mu san farashinsa ba, wannan ya wuce ta gabanmu muna kallon wani wuri.

Yanzu bari in zo kan maganar addini, domin ita ce ɗan'uwa ya fi jingina da ita, ni kuwa ba na wasa da ita. Abin da muka koya a zaure, a mazhabarmu ta Malikiyya, a fili ya ke. Surar abu mai rai, cikakkiyar halitta, mai inuwa, watau wadda ta tsaya da jikinta kamar mutum-mutumi, ita ce malamai suka haramta. Wadda ba ta da inuwa, irin ta kan takarda ko tufa, ba ta kai haram ba a wurinsu, iyakarta makaruhi. Itatuwa da duwatsu da gine-gine da rubutu da zayyana kuwa, babu wanda ya hana. Madalla. Babu wanda ya ce a kafa mutum-mutumi a zauren da mu ke tsai da salla, in ma wani ya faɗa ni zan fara ƙi. Amma ɗan'uwa ya tsaya a zamanin da sassaƙa ke nufin kai da hannu da ƙafa. A nuna mini ido ko hanci a jikin bargon El Anatsui. Gaskiya ne murafun nan na kwalaben giya ne, wanda zuciyarsa ta ƙi ya bari, da ma asusunmu ko kusurwa ɗaya ba zai saya ba. Sai dai akwai ɗaruruwan ayyuka na itace da ƙarfe da yumɓu da fata waɗanda ba su kwaikwayi halittar kowa ba.

Ga kuma labarin da ya kamata ɗan'uwa ya sani. Ibrahim El-Salahi, an haife shi a Umdurman ta Sudan a 1930, mahaifinsa malami ne mai makarantar allo. Ya tafi Landan ya koyi zane irin na Turawa a makarantar Slade, ya komo gida a 1957, ya baje ayyukansa a Hartum, mutanen garin suka ƙi kula shi. Maimakon ya zage su da jahilci, sai ya zauna ya duba abin da su ke ratayewa a ɗakunansu, ya ga rubutun Larabci ne da zayyana. Sai ya koma ga harafi, ga irin lanƙwasar da ya saba gani a allon gidansu, ya gina aikinsa a kai. A 2013 Tate Modern ta tattaro ayyukan rayuwarsa ta nuna, shi ne kuwa ɗan Afirka na farko da ta yi wa haka. Ɗan makarantar allo ke nan. Mu ma ai muna da allon zayyana da a ke yi wa mai sauka, muna da dagi a bangon gida, muna da ɗinkin riga. Mutumin da ya sa riga mai aska takwas, ya biya ɗinkinta da tsada, ba shi da bakin cewa bai gane zanen da bai yi kama da komai ba. Wace aska ya taɓa gani a jakar wanzami mai wannan siffa? Ya dai ga kyau ya biya.

Bugun zane kuwa, na lura da yawa daga masu sukarsa ba su san ko mene ne ba, suna tsammani hoton kalanda ne. To, a saurara. Mai zane ya kan ɗauki farantin jan ƙarfe ko na tutiya ya shafe shi da wani irin kaki, ya yi zanensa a kai da allura, sa'an nan ya tsoma shi cikin ruwan asid, ruwan ya ci ƙarfen daidai inda allura ta bi. A wanke, a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai ɗan laima, a matse da inji. Kowace takarda sai an sake sa mata tawada da hannu. Wani kuwa allon itace ya ke sassaƙawa ya buga, kamar yadda masu adinkira na Ntonso ke sassaƙa ƙwarya su yi hatimin buga tufa. Wani ya tace tawada ta cikin lallausan yadi, wannan ɗan'uwan sitensil ɗin da a ke buga takardar nan da ke hannunka ne. Abin da ya raba shi da kalanda shi ne ƙidaya. Mai zane ya kan yanke tun fari cewa hamsin zai buga, ko talatin, ya rubuta a ƙasan kowace da fensir, misali 7/50, watau ta bakwai cikin hamsin, ya sa hannu. Ya kan riƙe 'yan kaɗan na gwaji masu alamar A/P. In adadi ya cika, mai amana ya kan karce farantin domin kada a ƙara. Zubin tagulla ma haka ne. Irin zubin kakin zuma da maƙeran Krofofrom ke yi, da shi masu sassaƙar zamani ke zuba ayyukansu, a buga lamba a gindi. A ƙa'idar Faransa, in zubi ya wuce 8, da 4 na mai aikin, ba a lissafa shi cikin na asali.

Babban gwanin wannan sana'a a yankinmu shi ne Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, kuma a Zariya ya yi karatunsa, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta can a 1958 tare da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. A 1967 asid ya ɓata masa wani faranti, garin gyara shi ya gano wata sabuwar hanyar bugu mai tudu da kwari wadda ta fitar da sunansa duniya. Na kawo shi ne domin a gane bugu shi ne ƙofar mai ƙaramin ƙarfi. Tun da ya ke aiki ɗaya ya kan fito hamsin, kuɗinsa ya kan sauko, sau da yawa bugun yaro mai tasowa ba ya kai kuɗin ragon layya. Ajiyarsa ma ba wuya: a sa shi cikin gilashi ba tare da takardar ta manne da gilashin ba, a nisanta shi da hasken rana da bango mai damshi, domin laimar bakin teku ita ce babbar abokiyar gabarsa. Jikokin mutanen da suka iya ɗaukar huhun goro daga Asante zuwa Kano, suna buɗewa suna tsincewa suna sauya ganye wata da watanni bai lalace ba, kada su ce mini takarda ta gagare su.

Akwai wuri ɗaya da ɗan'uwa ya yi gaskiya, ko da ya ke bai bi ta har ƙarshe ba. Ya ce kasuwar nan caca ce ta manyan Turawa. Lalle akwai wannan. Mai shagon nuni ya kan ɗauki rabin kuɗin aiki. Gidan gwanjo ya ɗora wa mai saye la'ada wajen rubu'in farashi, ya kuma ciri tasa a wurin mai sayarwa. Amoako Boafo ɗan Ankara ne. Wani zanensa da wani dillalin Amurka ya saya a kan dala 22,500 a 2019, a Fabrairun 2020 aka buga shi gwanjo a Landan a kan fam 675,000. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda irin wannan ne Faransa tun 1920, Ingila kuma tun 2006, suka sa doka a riƙa cire wa mai aiki ɗan wani abu in an sake sayar da aikinsa, amma abin kaɗan ne. Kuma kada samarinmu su ruɗe da waɗannan lambobi. A kan ba da labarin sassaƙa bakwai na itace da Ben Enwonwu ya yi wa jaridar Daily Mirror, waɗanda suka ɓace shekaru, aka tsince su a garejin wata makaranta a Landan, aka sayar fiye da fam 360,000 a 2013. Ba a ba da labarin dubban da ba su taɓa mai da kuɗinsu ba, su ne kuwa mafi yawa. Wanda ke neman riba ta kusa ya sayi siminti.

Amma me ya sa yaronmu ke faɗawa hannun gardi? Domin ba shi da mai saye a gida. Ran da ya gama aikinsa, kuɗin haya na bisa kansa, baƙo ɗaya ne ya taya, dole ya sallama ko nawa aka ba shi. Da akwai alhazai goma a zango da ke sayen aiki ɗaya ɗaya a shekara, da yaron ya sami bakin cewa albarka. Ashe ƙin sayen da mu ke yi shi ke ƙara wa cacar ƙarfi. Ku zaga Nima ku ga abin da Muhammad Awudu da samarin Nima Muhinmanchi Art suka yi a bangaye, ku tambaye su mutum nawa daga cikin unguwa ya taɓa cewa a yi masa na ɗaki zai biya.

Ku dubi kuma Ibrahim Mahama ɗan Tamale, wanda aka haifa a 1987. Kayan aikinsa buhunan garara ne, waɗanda a ke shigowa da su domin koko, in sun tsufa su koma na masara da gawayi, da sunayen 'yan kasuwa a rubuce a jikinsu. A kasuwanninmu ya tattara su, aka ɗinke, a 2015 ya lulluɓe dogayen bangaye da su a Benis. A 2024 ya rufe wani sashe na ginin Barbican a Landan da saƙin da aka yi a Tamale, an ɗinka masa tsofaffin rigunan batakari. Buhun da uwar ɗakinka ta ba da a musanya, yau sai da biza za ka je ka gan shi. Shi dai ya yi abin da ya dace: kuɗin da ya samu ya kai gida, ya buɗe gidan nuni a Tamale a 2019, ya ƙara da wani mai suna Red Clay, inda ya jawo tsofaffin jiragen sama yara na karatu a ciki. Yaro ɗaya ya yi wannan. Mu ƙungiya guda, da sarakuna da alhazai da 'ya'ya a Jamus da Amurka, muna gardama a kan ƙusa huɗu a bangon zaure.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, hoton zango da duniya ta sani baƙo ne ya ɗauka, shi kuwa kwata da bola ya zo nema. Tsofaffin zaurukan masu masauki suna rushewa ana kafa shaguna, waɗanda suka ga zamanin fatake suna ƙarewa. In 'ya'yanmu sun zana layin masu tuwo da asuba, da hawan Salla, da makarantar dare da fitilar kwalba, baƙo ya saye ya tafi da su, jikokinmu ba za su san fuskar unguwar da aka haifi iyayensu ba.

Saboda haka ina roƙon a mai da shawarar samari gaban taro mai zuwa, a kuma ƙara mata sharaɗi. A zaɓi mutum uku masu saye, ɗaya ya zama malami, domin kada a shigo da abin da zai raba kan jama'a. A saya daga hannun mai aikin kansa, ba ta hannun dillali ba, a biya shi abin da ya faɗa ko kusa da shi, ban da irin tayin wulakancin da muka iya. Kowane aiki a karɓi rasit mai sa hannunsa, magatakarda ya shigar da shi cikin littafi da suna da shekara da lambar bugu, kuma a rubuta cewa na ƙungiya ne, ba mai ikon sayarwa sai da yardar taro. A makon Salla a buɗe zaure kwana uku, a kira mata da 'yan makaranta su zo su gani, masu aikin na tsaye suna amsa tambaya. Kuɗin shekarar fari kuwa, ina ganin 'yan'uwanmu masu cinikin itace ya kamata su fara ajiyewa, ɗan'uwan da ya yi rubutu kuma a ba shi kujera a gaba ran buɗewa. Wassalam.

Naku,
Ɗan Zango